GIDA DA MASARA

Kwanakin baya wata yarinya daga cikin masu karanta littattafaina ta tare ni a gidan biki a Zuru, bayan mun gaisa sai ta ce, "Anti, ni fa tambaya gare ni. Me ya sa duk saurayin da kika kawo a labarinki sai ya zama mai gidan bene da get da maigadi? Ke ba ki san masu zaman haya ba ne?" Muka yi dariya muka rabu. Amma wallahi maganar nan ta biyo ni har Ribah ta hana ni barci, domin in dai akwai wadda ta san zaman haya to ni ce. Na san ƙarar takalmin mai gida a ƙarshen wata, na san yadda uwa take rage murya idan ta ji sallamarsa. Wataƙila ma shi ya sa nake gina wa mutanen labarina benaye, abin da na rasa ina ƙarama nake ba su da biro.

To, yau na ajiye soyayya gefe guda, tarihi za mu taɓa. Tun yaushe ake yi wa talakan ƙasar nan alkawarin gida, kuma ina alkawarin ya kwana? Musamman mu da muke can gefe, ƙananan ƙabilu na ƙasar Zuru, waɗanda kome za a raba sai ya gaji kafin ya iso gare mu.

Mu fara daga kakanni. A ƙasar Zuru, wato Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, da can babu wani abu wai shi kuɗin haya. Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawan da suka zauna tare da su, kowa da hannunsa yake gina wurin kwanansa. Da yawa a kan duwatsu suka yi garuruwansu saboda tsoron mahara, musamman zamanin da mayaƙan Kwantagora suke kama bayi, kafin Turawa su ci Kwantagora a 1901. Ƙasa tana nan a ƙofar gida, ciyawar jinka tana daji, itace yana daji. Saurayi ya yi golmo, wato ya yi shekaru yana noma wa surukansa tare da abokansa, wani har shekara bakwai, sannan a ba shi mata. Waɗannan abokan dai su ne za su kwaɓa masa ƙasa su ɗora masa jinka a cikin gidan ubansa. Ga rumbu a tsakar gida an yi masa ado. Ba na cewa zamanin nan aljanna ne, akwai yunwa akwai yaƙi akwai cuta, amma mutum bai taɓa kwana yana tunanin gobe za a fitar masa da kaya waje ba.

Zuwan Turawa shi ya kawo albashi, albashi kuma ya kawo zaman haya. Bature ya keɓe wa kansa unguwa mai itatuwa nesa da gari, ya yi wa soja da ɗan sanda bariki, sauran ma'aikata kuwa kowa ya nemi inda zai raɓa. Mutanenmu sun shahara da aikin soja tun wancan lokaci, har yau da wuya ka shiga gida a ƙasar Zuru ba ka tarar da hoton wani cikin kaki a bango ba. To shi ɗakin bariki aro ne, ranar da ka tuɓe kaki ranar za ka miƙa makulli. Abin da hukumar Turawa ta yi na gidajen jama'a a Ikko ya tsaya. A 1928 ta kafa hukumar raya birnin bayan annobar da ɓeraye suka yaɗa, a 1956 kuma aka kafa ƙungiyar ba da rancen gina gida, wadda manyan ma'aikata ne kawai suke iya taka ƙofarta.

Bayan yaƙin basasa kuɗin mai suka shigo. A 1973 gwamnatin Janar Gowon ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, ita ce ta gina unguwar Festac a Ikko domin baƙin bikin al'adun baƙar fata na 1977. A tsarin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 aka sa burin gina gidaje 202,000, amma abin da aka kammala bai kai 30,000 ba. A 1977 aka mai da waccan ƙungiyar rance ta zama Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Sai kuma 1978, gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da dokar mallakar ƙasa. Mai karatu ka riƙe wannan doka da kyau, za mu sake gamuwa da ita. Abin da ta ce shi ne duk ƙasar da ke cikin jiha amana ce a hannun gwamna. Filin cikin gari gwamna ke sa hannu a takardarsa, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izini. Mu kuwa a tsakanin nan, a 1976 da Janar Murtala ya mai da jihohi 19, aka ciro ƙasar Zuru daga ɓangaren Neja aka haɗa ta da jihar Sakkwato.

Sai ga siyasar 1979. Babana, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ba ni wannan labari ina 'yar firamare. Ya ce alamar jam'iyyar NPN gida ce da masara, ko wanda bai iya karatu ba ya gane abin da ake nufi, wato ci da wurin kwana. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki ran 1 ga Oktoba 1979, sai ya kafa ma'aikatar gidaje ya ba Dokta Wahab Dosunmu, aka ce kowace shekara za a gina gidaje 2,000 a kowace jiha daga cikin 19 ɗin nan da kuma Abuja, jimla 40,000 ke nan. Mafi yawansu masu ɗakin kwana ɗaya ne domin masu ƙaramin ƙarfi, sauran masu ɗaki uku. Aka kuma ce ba a manyan birane kaɗai za a yi su ba, za a kai su har ƙananan hukumomi, mutum ya shiga yana biya sannu a hankali har gidan ya zama nasa. Jama'a, a tarihin ƙasar nan ba a taɓa yi wa talaka magana mai daɗin wannan ba.

Da an bi lissafi, a shekara huɗu gidaje 160,000 za a samu. Abin da aka gama bai kai 50,000 ba. Me ya jawo? Na farko, fili. Gwamnatin tarayya ce mai kuɗi, amma gwamna ne mai ƙasa bisa waccan doka ta 1978, jihohi goma sha biyu kuwa daga cikin 19 ba NPN ke mulkinsu ba. Wasu suka yi ta jan ƙafa, wasu suka ba da fili can bayan gari inda babu ruwa babu wuta babu hanya babu kasuwa. Talaka da ke fita neman na cefane kullum safiya, yaya zai koma daji ya zauna? Na biyu, zanen gidan. Kusan iri ɗaya aka yi wa ƙasa duka, daga Fatakwal har Sakkwato. Ɗaki ɗaya da falo, babu zaure, babu katanga, babu tsakar gidan da mace za ta yi daka ta yi shanya ta ɗaure akuyarta, balle wurin rumbu. Mai mata biyu da 'ya'ya tara ina zai sa su? Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a tambayi mai ɗakin ba. Na uku, kwangila ta zama ladan siyasa, wasu suka karɓi kuɗin somin aiki suka tsaya a linta. Na huɗu, farashin mai ya faɗi, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, ran 31 ga Disamba 1983 kuma soja suka karɓe mulki, gine-gine da yawa suka zama makwancin awaki.

Duk da haka kada mu yi butulci. Je ka Kano ko Katsina ko Gombe ko Maiduguri, za ka ji ana cewa Shagari Kwatas ko Shagari Lokos. Wuraren da a da ake ce musu daji yau gari ya cim musu ya wuce. Waɗanda suka daure suka shiga, kowa ya ja katanga ya ƙara ɗakuna ya yi zaure, wato suka mai da gidan gwamnati ya koma gidan Hausa, 'ya'yansu da jikokinsu suna ciki ba mai yi musu sallamar ƙarshen wata. A daidai wannan lokaci gwamnan Ikko, Alhaji Lateef Jakande na jam'iyyar UPN, ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a wurare irin su Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan, kuma malaman makaranta da ƙananan ma'aikata suka mallake su. Shi fili a hannunsa yake, kuɗi a hannunsa, ga shi yana zuwa duba aiki da kansa. Ashe dai abin mai yiwuwa ne in an so.

Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube, siminti da kwano da rodi suka fi ƙarfin mai albashi. A 1991 aka fito da sabuwar manufa, wai gida ga kowa kafin shekara ta 2000. A 1992 aka yi doka mai lamba 3 wadda ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa. Dokar ta ce duk mai samun naira 3,000 ko fiye a shekara a riƙa cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa ana tarawa, in ya so ya nemi rance da kuɗin ruwa, ya biya sannu a hankali. A takarda abin gwanin kyau. To amma kafin a ba ka rance sai ka kawo takardar mallakar fili da zanen gini da shaidar abin da kake samu duk wata. Manomin Ribah da ya gaji gona daga kakansa, wace takarda gare shi? Mai ƙosai ina ta ga takardar albashi? Ga kuma masu gudun kuɗin ruwa saboda addini. A 1994, zamanin Janar Abacha, Jakande yana ministan ayyuka da gidaje, aka sake shelar gidaje 121,000, abin da aka gama kaɗan ne ƙwarai. Shekara ta 2000 ta zo ta wuce ta bar mu inda ta same mu.

Ran 27 ga Agusta 1991 aka ba mu jihar Kebbi. Ma'aikata suka kwaso kaya daga Sakkwato suka sauka Birnin Kebbi babu masauki, dole hankalin gwamnati ya koma can, aka yi ta gina rukunin gidaje irin na Gesse da Gwadangaji. Ban ga laifin wannan ba, ma'aikaci ma mutum ne. Sai dai abin lura, duk tsarin da aka yi tun daga 1956 har zuwa nan, mai albashin da ke zaune a hedikwata aka auna aka ɗinka wa rigar. Mu na ƙarshen hanya sai dai mu ji a rediyo.

Yanzu bari in ba ku namu labarin. Babana ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, a bariki aka haife ni. Da ya yi ritaya a 1996 ya dawo da mu gida, amma ya ƙi kai mu ƙauye saboda karatunmu, ya kama hayar ɗaki biyu a cikin Ribah. Da kuɗin sallamarsa ya sayi fuloti a bakin gari, ya sa birkila ya zuba harsashi, aka ɗora bulo layi uku. Daga nan kuɗin makaranta da ciwo suka cinye sauran. Kullum yamma sai ya ɗauki kujerarsa ya je ya zauna a kan harsashin nan, yana nuna mana da sanda, nan ɗakin Innarku, nan naku, nan zaure. In aka ce masa ya ƙarasa da ƙasa mana, sai ya ce shi da ya zaga Nijeriya ba zai mutu a ɗakin laka ba. A 2003 ya rasu a ɗakin haya.

Ba mu daɗe da fita takaba ba, ana tsakiyar damina, mai gidan ya yi sallama. Ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce, "Maman yara, sai dai ku yi haƙuri, yarona zai yi aure, ina bukatar ɗakunan nan. Na ba ku wata guda." Inna ta ce, "Haba Malam, a cikin ruwan nan? Ka dubi marayun nan mana." Ya ce, "Ai haƙurin da na yi ke nan." Ranar da muka kwashe kaya a amalanke ana yayyafi, katifarmu ta jiƙe sharkaf, ƙanena yana rungume da hoton Baba na soja a cikin riga. Gwaggo ta ba mu ɗaki guda, mu shida.

Daren nan Inna ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ubanku ya bar harsashi, ni zan ɗora, ko da laka ne." Tana sayar da ƙosai da safe, daddawa ranar kasuwa. Ta shiga adashi biyu, ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasar bayan kaka, ta sayar da tunkiyarta da 'yan kunnenta na aure. Da rani ya shiga muka fara buga tubali, mu ke ɗebo ruwa kafin mu tafi makaranta. Kwasar farko ta sayi kwano da katako da ƙusa, ta biyu ta biya kafinta da ƙofa da taga. Sannan Kawu ya kira gayya. Tsofaffin sojoji abokan Baba suka zo, samarin unguwa suka zo, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, wannan na yi da C'lela wancan na amsawa da Hausa. Inna ta tuƙa tuwon dawa ta dama kunu. Wani tsoho da suka yi yaƙi tare da Baba yana miƙa tubali yana cewa, "'Yata, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Kafin ruwan farko na 2004 muka tare a ɗaki ɗaya da rumfa. Bayan shekara biyu aka ƙara na biyu, daga baya aka yi shafen siminti. A ɗakin nan na rubuta littafina na farko da fitilar ƙwai.

Da na girma ina karance-karance sai na tarar ashe abin da Inna ta yi har a Amurka an yi shi. Can ma baƙaƙen fata sun sha wuya a kan gida. Tun shekarun 1930 ake zagaye unguwanninsu da jan layi a taswira, bankuna su ƙi ba su rance, sai a 1968 aka yi dokar da ta hana nuna bambanci wajen sayar da gida ko ba da haya. A jihar Jojiya wani mutum mai suna Millard Fuller da matarsa Linda suka fara gina wa talakawan karkara ƙananan gidaje, a 1973 suka tafi garin Mbandaka na ƙasar Zayar suka gwada tsarin shekara uku, suka dawo suka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity a 1976. Yadda suka faro shi ne, wanda za a ba gida dole ya sa guminsa a ginin nasa da na maƙwabcinsa, 'yan sa kai su taimaka, ya biya kuɗin kayan aiki kaɗan-kaɗan babu riba babu kuɗin ruwa, abin da ya biya kuma a gina wa wani da shi. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter tun 1984 yake ɗaukar guduma yana shiga aikin har tsufa ya ci ƙarfinsa. Mai karatu don Allah mene ne wannan in ba gayya da adashi ba? Su sun ba abin ofis da littafin lissafi, mu da muka gada muna jin kunyarsa.

Abin da ya sa maganar nan ta fi damuna yanzu shi ne halin da ƙasarmu ta shiga. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyuka na ƙaramar hukumarmu ta Danko-Wasagu, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 88. Kafin wannan da bayansa ƙauyuka da yawa sun watse. Mutanen da kakanninsu ba su san haya ba suka shigo Ribah da Zuru da tabarma a ka, wasu a gidan dangi, wasu a kangon da ba a gama ba. Na ga matar da ta bar rumbu uku cike da dawa tana roƙon a ba ta hayar shago ta kwana da 'ya'yanta. Da na dube ta sai na ga Inna a bayan amalanke.

Don haka ga roƙona ga masu mulki, daga kansila har gwamna. Na farko dai tsaro, domin gida ba ya zama gida sai an iya barci a cikinsa. Bayan wannan, tarihin nan ya nuna mana talaka ya iya gini, abin da ya fi ƙarfinsa shi ne fili mai takarda da kayan rufi. A yanka filaye kusa da gari, a kai rijiyar burtsatse da hanya, a sauƙaƙa takardar mallaka yadda ba sai mutum ya yi ta zarya Birnin Kebbi ba. A ba da rancen kwano da katako ta hannun ƙungiyoyin adashi da na manoma, a karɓa bayan kaka, babu kuɗin ruwa. A bar mutum ya zana gidansa da zaurensa da wurin rumbunsa. In an zo rabo kada a tambayi yarensa ko inda yake ibada ko jam'iyyar da ya zaɓa. Kuma a rubuta sunan gwauruwa a takarda in ita ce mai riƙon marayu, kada wani ya zo daga baya ya ce mace ba ta da fili.

Ku kuma 'yan'uwana mata, in kin kwashi adashi, kafin ki je wurin mai atamfa da mai kwanukan jere ki tuna da fuloti, ko rabi ne, ko a bakin gari ne. Ki karɓi takarda a gaban mai unguwa da shaidu, ki adana ta inda kike adana gwal. Maza kuma kada girman kai ya hana ku farawa da laka, Babana ya jira siminti har ƙasa ta rufe masa ido.

Ita kuwa yarinyar da ta yi mini tambaya a Zuru, in wannan ɗan littafi ya kai hannunki, na ji maganarki. Labarin da nake rubutawa yanzu saurayin birkila ne, a gidan haya yake, kuma yarinyar ta ce ta ji ta gani. Inna tana nan da ranta a ɗakinta, harsashin Baba yana ƙarƙashinta, har yau in an yi ruwan farko takan fito ta dafa bango ta ce alhamdu lillahi. Allah ya ba kowa nasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Taku har kullum, daga Ribah.